Shekara Uku Bayan Wutar

Shekara uku Baba bai yarda ya zo ba.
Ya ce muddin ido bai ga gawa ba,
zuciya na da bakin musu.
Yau da asuba shi ya riga ni ɗaura takalmi,
ya zauna a mota yana jira,
tsohuwar hularsa a kan gwiwa.

Hanyar da ke hawa duwatsun Kalifoniya
har yanzu tana ƙaurin murhun da aka watsa wa ruwa.
A bakin gandun, Marisela mai tsaron daji
ta leƙo ta tagar rumfarta:
"Orval! Ashe rai kan ga rai."
Baba ya ɗaga hannu kawai.
Shekara talatin yana share hanyoyin dajin nan,
yau ga shi baƙo, da takardar shiga a aljihu.

Dogayen itatuwan suna nan tsaye,
baƙi ƙirin, kamar an shafe su da bayan tukunya.
Na taɓa ɗaya, tafina ya koma gawayi.
Amma ɗaga kai ka gani:
toho ya fito musu a jiki tun daga gindi har sama,
kore shar, tsiri-tsiri,
kamar gashin jaririn da ba a yi wa aski ba.

Muka yi shiru. Dajin ma haka.
Can sai ƙwas, ƙwas-ƙwas,
maƙwaƙƙwafi na sassaƙa ɗaki a mataccen icce.
Baba ya ce, "Wannan bai jira kamfanin inshora ba."
Rabon da in ji dariyarsa
tun daren da sama ta koma jan garwashi,
muka gudu da kare da akwatin hotuna.

A gangaren rafi barewa ta tsaya da ɗanta.
Kunnenta ɗaya a ƙone, ya nannaɗe kamar busasshen ganye.
Ta dube mu, ba tsoro, ba gaisuwa,
ta sunkuya ta ci gaba da kiwo.
Ɗan bai san wuta ba.
A ganinsa haka Allah Ya yi itatuwa, baƙaƙe.

Marisela ta cim mana da waya a hannu.
"Na'urar da muka ɗaure a kututture ce ta ɗauka, daren Talata."
Damisar dutse, ramammiya, tana ratsa toka,
'ya'ya biyu na tuntuɓe a bayanta.
Baba ya sa ta maimaita har sau uku.

Abin da ya kawo shi dai benci ne,
wanda ya ƙera da hannunsa shekarar da Inna ta rasu,
ya rubuta Lorene a jikinsa da bakin wuƙa.
Muka nema, muka nema.
Ƙusoshi huɗu muka samu, sun yi tsatsa,
a tsakiyar wasu furanni ruwan goro
waɗanda Marisela ta ce irinsu kan kwanta a ƙasa shekaru
yana jiran hayaƙi ya tashe shi.

Baba ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara.
Ya miƙa hannu zai zare ƙusa ɗaya,
sai ga ƙadangare a kanta, mai shuɗin ciki,
yana shan hantsi, yana gyaɗa kai
kamar mai gidan da aka tarar a ƙofarsa.

Hannun ya daɗe a iska.
Sannan ya janye shi, ya kakkaɓe toka a wando.
"Bar masa," ya ce. "Da ma ita tana son baƙi."

Hazon teku ya fara hawowa ta cikin kwari.
A hanyar komawa mota
ya tsaya ya ture wani reshe daga kan turba da ƙafa,
ya ƙara ture wani,
ya tambayi Marisela ko ranar Asabar suna neman hannu.